Kwamfuta a Makarantunmu: Mu Fara da Malami

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina yin jarrabawar shiga manyan makarantu da takarda da fensir. A yau duk ɗalibin da yake so ya wuce sakandare sai ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. Ga yaron da ya tashi yana taɓa kwamfuta, wannan ba wani abu ba ne. Amma mu ɗauki yarinya daga wani ƙauye a bayan Getso ko Garo. Ta yi karatu da fitila, iyayenta sun sayar da wake sun biya kuɗin rajista, an yi mata addu'a a majami'a ranar Lahadi. Ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Kafin hannunta ya daina rawa, kafin ta gane yadda ake wucewa tambaya ta gaba, lokaci ya ci rabi. Ta san amsoshin, amma sakamakon da zai fito ba zai nuna haka ba.

Idan irin wannan ya faru, abin da yakan fara zuwa bakinmu a taron kwamiti shi ne, a tara kuɗi a sayo kwamfutoci. Niyyar tana da kyau. Sai dai a wannan koyarwa muna so mu nuna cewa akwai matakin da ya riga sayayya, wato shirya malamin da zai riƙe na'urar. Za mu duba abin da ya canja, da abin da ya faru a wuraren da aka fara da na'ura aka manta da malami, sa'an nan abin da ikkilisiyoyinmu na yankin Gwarzo da Kabo za su iya yi da ɗan abin da ke hannunsu.

Abin da ya canja

JAMB ce ta buɗe hanya, sauran suna biye. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati tana so WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya. Mutane da yawa sun ce makarantun karkara ba su shirya ba, ana kuma ta muhawara a kan lokacin da ya dace. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, inda aka dosa a fili yake. Su ma malamai abin bai bar su ba, gama jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, take yi kafin ta ba mutum lasisin koyarwa, a kwamfuta ake yin ta.

Mun kuma ga abin da ya faru a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris. A jihar Kano an riƙa ba da darussa ta rediyo da talabijin. Gidan da yake da wanda zai zaunar da yara ya bi darasin tare da su, ya amfana. Gidan da babu, rediyo ya yi ta magana shi kaɗai, yara suna gona ko wasa.

Akwai kuma ƙofofin da suka buɗe. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wani dandali na kyauta mai ɗauke da darussan firamare da sakandare bisa tsarin karatun ƙasa, har da wasu cikin Hausa. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ya fara da jihohi bakwai, Kano na cikinsu, kuma koyar da amfani da na'ura yana cikin ayyukansa a makarantun sakandare na gwamnati. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. A Kabo kanta gwamnatin tarayya ta kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha. Tambayar da ke gabanmu ita ce, 'ya'yanmu za su shiga waɗannan ƙofofi, ko za su tsaya a bakin hanya suna kallon 'ya'yan wasu suna shiga?

Ba yau ikkilisiya ta fara riƙe sabon kayan aiki ba

Wasu iyaye suna jin tsoron waya da intanet, suna kuwa da dalili. Amma mu tuna da tarihinmu. Dattawanmu suna ba da labarin makarantar 'yan mata da mishan na SIM ya buɗe a Kabo, da ta maza a Roni, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. A wancan zamani littafin da aka buga da inji, da alli, da rubutun boko, su ne baƙin abubuwa, akwai kuma iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Daga baya rediyo ya zo, aka ji wa'azi da waƙoƙi ta Muryar Bishara, aka kuma kai majigi ƙauyuka. A kowane mataki, abin da ya sa kayan aikin ya yi amfani shi ne mutumin da aka horar ya riƙe shi: mai bishara da ya zauna ƙarƙashin itace yana koya wa manya baƙaƙe, ko malamar da ta koya wa 'yan mata karatu da ɗinki.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna mana. A Fitowa 35:30-35, sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi gwaninta ta aikin zinariya da azurfa da tagulla da itace. Jama'a sun kawo kaya har suka yi yawa, amma kayan ba su haɗa kansu ba. Abin lura a aya ta 34 shi ne, Allah ya ba Bezalel da Oholiyab baiwar koya wa waɗansu. Gwanintar hannu baiwa ce daga Allah, iya koyar da ita kuma wata baiwa ce a kanta.

Inda aka fara da na'ura

A 2007 aka kawo wani gwaji makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja. Wata ƙungiya daga Amurka mai suna One Laptop per Child ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, kowane yaro da tasa. Tunaninsu shi ne, idan na'ura ta shiga hannun yaro zai koya wa kansa. Duniya ta yi ta yabo. Ba a daɗe ba, a cikin wannan shekara, Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ba da rahoton cewa an sami hotunan batsa a kwamfutocin wasu yaran, sai daga baya aka yi maganar sa abin tacewa. Shirin bai bazu a ƙasar nan kamar yadda aka yi fata ba.

Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta sayi irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba a makarantun karkara. A 2012 wani bankin raya ƙasashen yankin ya fitar da binciken da ya yi a makarantu 319. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma a lissafi da karatun harshe ba su fi yaran da ba a ba su ba. Malaman ba su sami isasshen horo a kan yadda za su haɗa na'urar da darasi ba, saboda haka koyarwa ta ci gaba yadda take dā.

Ba sai mun je Peru ba. Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin ɗakin kwamfuta a kulle, an lulluɓe na'urori da zane, ƙurar hunturu ta yi musu kauri, makulli yana aljihun hedimasta domin yana tsoron kada wani abu ya lalace a ce shi ne. Ana buɗe ɗakin ne ranar da baƙi suka zo. Garma ba ta noma sai da mai riƙe ta.

Abin da malami yake bukata ya iya

Idan an ce malami ya iya na'ura, ba ana nufin ya zama injiniya ba. Abubuwa ne da za a iya jerawa, a koye su ɗaya bayan ɗaya.

Na fari, hannu ya saba. Ya iya kunnawa da kashewa yadda ya kamata, ya riƙe linzami, ya buga rubutu, ya adana aikinsa da suna, ya kuma same shi gobe. Malamin Hausa ya san yadda zai fitar da ƙ da ɗ da ɓ, domin kafa dabam take da ƙafa, kasa kuma dabam da ƙasa. A yawancin wayoyin Android, idan aka ƙara Hausa cikin harsunan madannai, waɗannan baƙaƙe za su samu.

Na biyu, ya iya nemo abu ya kuma tantance shi. Ba duk abin da aka turo a WhatsApp ko aka gani a Facebook ne gaskiya ba. Malami ya saba tambayar kansa: wa ya rubuta wannan, yaushe, ya kuma yi daidai da littafin da hukuma ta amince da shi? Wannan ya ƙara zama dole yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka shigo. Suna iya taimaka wa malami ya tsara tambayoyi ko ya sauƙaƙa bayani, amma sukan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin hali, Hausarsu kuma takan yi tuntuɓe. A 2024 an yi wani gwaji na mako shida a jihar Edo da goyon bayan Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka koyi Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi makaranta, aka kuwa ga ci gaba. Amma malamai suna cikin ɗakin, su ne suke buɗe darasi, suna zagawa, suna nuna wa yara inda na'urar ta kauce.

Na uku, wanda ya fi wuya, ya san inda na'ura za ta shiga darasi da inda ba ta da wuri. Bidiyon minti uku da ke nuna yadda zuciya take harba jini ya fi dogon bayani a allo. Amma malami nagari yakan kalli bidiyon tun a gida, ya ba yara tambaya kafin ya kunna, ya tsayar a tsakiya ya ji abin da suka gane, a ƙarshe ya sa su zana ko su rubuta. Wanda ya kunna ya koma ƙofa yana hira, bai koyar ba. Yaron aji ɗaya da yake koyon baƙaƙe kuwa, alli da allo da muryar malaminsa sun fi masa kowace fuskar waya.

Na huɗu, ya iya amfani da na'ura wajen aikin ofis: jadawalin maki, rajistar zuwa makaranta, takardar sakamako. Awannin da malami yake ɓatawa yana tara maki da hannu a ƙarshen zango, zai iya mayar da su ga duba littattafan yara.

Na biyar, malamin manyan azuzuwa ya san yadda jarrabawar kwamfuta take. A ta JAMB, ɗalibi zai iya zaɓen amsa da madannan A, B, C, D, ya wuce gaba da N, ya koma baya da P. Yaron da ya gwada wannan sau goma kafin ranar jarrabawa zai shiga da kwanciyar rai. Malami ya kuma tuna wa iyaye tun da wuri cewa ba a rajista sai da lambar NIN, layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a riƙe shi da kyau, kada ya ɓata.

Yadda malami yake koyo

Bita ta kwana biyu a birni, da takardar shaida da kuɗin mota, ba ta isa ba. Abin da hannu bai maimaita ba, kai yakan manta. Akwai misali kusa da mu. Daga 2013 gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa wani shirin horar da malaman firamare, TDP, wanda ya fara a Jigawa da Katsina da Zamfara, daga baya ya shigo Kano da Kaduna. An ba malamai wayoyi masu ɗauke da gajerun bidiyo na yadda ake koyar da darasi a aji irin nasu, ba sa bukatar intanet kafin su kalla. Ana kuma tara malaman makarantun da ke kusa da juna lokaci lokaci su tattauna abin da suka gwada. Dabarar tana da sauƙi: a yi amfani da abin da ke aljihu, a koya tare, a koma aji a gwada, a dawo a faɗi yadda ta kaya.

Wannan bai fi ƙarfin ikkilisiya ba. Manzo Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2). A kusan kowace gunduma muna da saurayi ko budurwa da suka gama kwalejin ilimi ta Bichi ko ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ko Jami'ar Bayero, ko mai bautar ƙasa da aka turo yankinmu yana sujada tare da mu. A zaɓi biyu ko uku masu haƙuri, a ba su aikin. Malamai su taru awa biyu kowace Asabar har zango guda, mutum biyu ko uku a kan na'ura ɗaya, kowa ya tafi da ɗan aikin da zai gwada a ajinsa kafin mako ya zagayo. A sa ranakun da lura: da damina kowa yana gona, saboda haka bayan kaka ya fi.

Abu biyu za mu kiyaye. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa zai iya jin kunyar ɗan cikinsa ya gan shi yana laluben madannai. Matashin da yake koya masa ya ce Baba, ya ce Mama, ya tuna cewa a sanin aji da halin yara su ne malamansa. Sa'an nan kada a bar malamai mata a baya. Sau da yawa wayar gida tana hannun maigida, lokacin bita kuma yakan faɗa daidai lokacin girki. A tambaye su lokacin da ya dace da su. Malaman Makarantar Lahadi su ma a gayyace su, haka kuma 'yan'uwanmu da suke koyarwa a makarantun gwamnati, inda 'ya'yanmu da yawa suke karatu. Idan abokan aikinsu Musulmi suna so su zo, a buɗe musu ƙofa. Yaran garin duka namu ne, zaman lafiya kuma yakan ƙaru inda ake amfanar juna.

A zauna a yi lissafi

Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta kuɗin, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin ba'a (Luka 14:28-30). Kuɗin sayen kwamfuta shi ne harsashi kawai. Kwamiti ya amsa waɗannan tambayoyi a rubuce kafin a taɓa baiko.

Da wace wuta za ta yi aiki? Mun san yadda wutar lantarki take a ƙauyukanmu, mun kuma san kuɗin man janareta. Laftof tana cin wuta kaɗan in aka gwada da kwamfutar tebur, tana kuma da batirinta, don haka ta fi dacewa da farantin sola. Batirin sola yana da iyakar shekarunsa, zafin bazara kuma yana rage masa kwana. A fara ajiye kuɗin canja shi tun ranar da aka kafa.

Wa zai gyara in ta lalace, a ina kuma? Idan kowace 'yar matsala sai an hau mota zuwa Kano, na'urar za ta kwana a kabad. Wa zai sayi data? Hanya mai sauƙi ita ce mutum ɗaya ya sauke darussa a inda sabis yake da ƙarfi, ya zuba a memori, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth ba tare da sun kashe ko kwabo ba. A ina za a ajiye, wa yake riƙe makulli, wane aji ne zai shiga a wace rana? Ɗakin ya kasance mai rufi mai kyau da taga mai rufuwa saboda ƙura da ɓarayi.

Laftof uku da ake taɓawa kullum sun fi ashirin da ke ƙarƙashin zane. Idan wani ɗan gari ko wata ƙungiya ta ce za ta ba mu kyauta, mu gode, mu kuma roƙa a haɗa da horon malamai da abin ba da wuta. A rubuta duk abin da aka karɓa a littafin kayan makaranta, a karanta wa ikkilisiya, domin kayan Ubangiji ne aka ba mu amana.

Tsaron yaranmu

Abin da ya faru a Galadima gargaɗi ne. Wayar da take kawo darasin kimiyya, ita ce take kawo batsa, da cacar ƙwallo, da 'yan damfara masu cewa a turo lambar sirri ta banki, da masu sayar da amsoshin jarrabawa. Makaranta ta rubuta dokokinta, iyaye su sani. Yara su yi amfani da na'ura a inda babba yake ganin fuskarta. Kada a sa hoton yaro a intanet ba da yardar iyayensa ba. Malami ba ya tura wa ɗaliba ko ɗalibi saƙo a keɓe. Duk abin da ya shafi makaranta ya bi ta wayar iyaye ko ta zauren da kowa yake gani. Malamin da ya karɓi kuɗi don ya turo amsa ya koya wa yaro sata, ko da yaron ya ci jarrabawar. Yakubu 3:1 ya tuna mana cewa masu koyarwa za su sha shari'a mafi tsanani.

Mu iyaye ma da namu. Yaro yana ganin mahaifinsa yana latsa waya a lokacin wa'azi. Karin Magana 22:6 ta ɗora mana nauyin nuna wa yaro hanyar da zai bi tun yana ƙarami, wannan nauyi kuwa ba a miƙa wa na'ura shi.

Daga ina za mu fara?

A taron dattawa na gaba, a rubuta sunayen dukan malaman da ke cikin ikkilisiya, a tambayi kowannensu abin da ya iya da abin da yake so ya koya. A nemo matasan da za su koyar. A ƙirga ɗaliban da za su zauna JAMB a shekara mai zuwa, a tabbatar kowannensu ya zauna gaban kwamfuta sau da yawa kafin ranar, ko da ta aro ce, ko da a ofishin fasto ne. Zumuntar mata ta lura musamman da 'yan mata, kada maza su mamaye kujeru. Bayan zango guda a sake zama a ga abin da ya canja a aji. A lokacin ne malamai da kansu za su faɗa mana abin da ya kamata a saya.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyinmu: Su wane ne Bezalel da Oholiyab na ikkilisiyarmu, mun kuwa ba su zarafin koyarwa? Akwai kayan da aka taɓa ba mu da suke kulle har yau, me ya hana a yi amfani da su? Wace doka muke da ita a gidajenmu game da waya?

Mu riƙa sa malamanmu cikin addu'a da sunayensu. Ubangiji ya ba su hikima da haƙuri, ya tsare 'ya'yanmu, ya sa aikin hannuwanmu ya kawo ɗaukaka ga sunansa. Amin.